Dacewar Sutura: Daga Kiltin Sikotlan Zuwa Babbar Rigarmu

'Yan'uwana ɗalibai, kowace shekara idan azumi ya raba tsakiya, babu zancen da ya fi yawa a ɗakunan kwananmu da bakin famfo kamar zancen kayan Salla. Wannan ya ce shaddarsa ta fi ta wancan tsada, wancan ya ce telansa ya fi na kowa iya aiki. Amma ban taɓa jin an zauna ana gardama a kan takalmin da za a sa da rigar ba, ko 'yar cikin da za ta leƙo ta wuyanta, ko hular da za a kafa a sama. Sai ranar idi ta zo ka ga saurayi ya sha riga ta dubban nairori, tana ƙyalli tana amo, ka kai ido ƙasa ka tarar da silifan roba irin na shiga wanka. Kuɗin mahaifinsa sun tafi, kwalliya kuwa ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Wannan shi ya sa na ga ya kamata mu yi ɗan nazari a kan yadda ake haɗa sutura da mabiyanta, watau takalmi da taguwa da hula da sauran ƙananan kaya. Zan kuwa fara da misalin waɗansu mutane na nesa ƙwarai, domin sau da yawa mutum ya fi ganin gyaran gidansa idan ya leƙa na wani.

A arewacin tsibirin Birtaniya akwai wata ƙasa da ake kira Sikotlan, ƙasar duwatsu da sanyi da yawan ruwan sama. Mazan wannan ƙasa suna da wata suturar gado wadda suke kira kilti. Ranar da malaminmu na tarihi ya nuna mana hotonta, ajin duka ya fashe da dariya, don abin da muka gani shi ne ƙato da gemunsa ya ɗaura wani abu kamar fatarin mata, gwiwoyi a waje. Malam ya ƙyale mu muka gama, sa'an nan ya tambaye mu ko maƙeri ba ya ɗaura walki, ko tsofaffinmu ba sa fitowa ƙofar gida da gwado da sanyin safiya. Muka yi tsit.

Shi kilti yadin ulu ne mai kauri, saƙar gida-gida, layuka masu launi dabam-dabam suna gitta juna. Wannan irin saƙa ita suke kira tatan. Kilti na ainihi yakan ci yadi 8. Ana tattare shi ta baya a yi masa ninki-ninki a ɗinke, ta gaba kuwa a bar shi a shimfiɗe, gefe ɗaya a kan ɗaya, a ɗaure shi a kugu da maɗaurin fata, tsawonsa ya tsaya daidai gwiwa. Ya sha wuya kafin ya kai matsayin da yake a yanzu. Bayan yaƙin Kuloden na 1746, inda aka murƙushe tawayen mutanen kan duwatsu, hukumar Birtaniya ta kafa doka ta hana su sa shi, sai fa wanda yake soja a rundunar sarki. Wanda aka kama karo na farko ɗaurin wata 6 ne, karo na biyu kuwa a kore shi ƙetaren teku har shekara 7. Ba a soke wannan doka ba sai a 1782. A 1822 Sarki Joji na Huɗu ya ziyarci birnin Edinbara, ya fito wa jama'a sanye da kilti, daga nan suturar da aka hana talaka ta koma ta alfarma. Yau mutumin Sikotlan wando yake sawa ya tafi aiki kamar kowa, amma ranar ɗaurin aure, ko wani babban buki, ko faretin masu busa, sai ya buɗe akwati ya fito da kiltinsa, kamar dai yadda muke yi da babbar riga.

To, abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda suke haɗa shi da sauran kaya, domin babu abu ɗaya da suke sawa da ka. Tatan ɗin kansa ya riga ya cika ido, yana da launi uku ko huɗu ko fi. Saboda haka taguwar da ake sawa a sama ba ta da zane ko kaɗan, fara ce fat ko mai launi ɗaya mara hayaniya. Kwat ɗin da ake ɗorawa a kanta gajeruwa ce, an yanke ta ne musamman ta tsaya wajen kugu don kada ta rufe ninkin nan na baya, wanda shi ne ƙawar suturar. Wanda ya ɗora doguwar kwat irin ta ofis a kan kilti, ya nuna wa kowa baƙo ne a wannan fage. Safa doguwa ce ta ulu, tana kaiwa ƙasan gwiwa a naɗe bakinta, launinta kuwa akan tsamo shi daga cikin launukan tatan ɗin, haka nan waɗansu 'yan ƙyallaye da ke leƙowa daga cikin naɗin safar. Da yake kilti ba shi da aljihu, sai a rataya wata 'yar jakar fata a gaba da siririyar sarƙa, a ciki ake zuba kuɗi da makulli. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe na ado da ake maƙalawa a gefen gaba daga ƙasa, aikinsa ya ba yadin nauyi don kada iska ta ɗaga shi.

Sun kuma raba kayan rana da na dare. Da rana kwat ta ulu mai kaushi, jaka ta fata zalla, idan jakar ruwan ƙasa ce takalmi ma ruwan ƙasa. Da dare wajen walima sai baƙar kwat mai maɓallan azurfa, jaka mai gashi da bakin azurfa, takalmi baƙi wuluk an goge shi. Fata ta bi fata, ƙarfe ya bi ƙarfe. Takalmin da suka fi sawa wajen buki wani iri ne mara harshe, mai 'yan huji-huji, da doguwar igiya wadda ake naɗewa a ƙwauri sama da idon sawu. Wannan siffa ta samo asali ne daga ƙasarsu mai fadama da taɓo, inda ake son takalmin da ruwa zai fita daga cikinsa da sauri, wanda kuma laka ba za ta zare shi daga ƙafa ba. Ku riƙe wannan magana ta takalmi, za mu komo kanta.

Idan muka tattara duk wannan, ƙa'ida ɗaya ce take tafiyar da shi. A jikin mutum sutura guda ce take shugabanci, sauran duka mabiyanta ne, daga gare ta suke karɓar launi da girma, ba sa kuma ja da ita. Na san wannan ƙa'ida tun kafin in ji sunan Sikotlan, domin kakana maɗinkin riga ne, irin masu aikin hannu da allura da zaren tsamiya, yakan kuma ce riga ita ce uwar ɗaki, hula da takalmi barorinta ne, bara kuwa ba ya fin uwar ɗakinsa baki. Abin da hoton kilti ya yi mini shi ne ya nuna mini cewa maganar tsohon ba ta garinmu kaɗai ba ce.

Mu a nan Daddara, da muke kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, ba mu rasa inda za mu ga sutura iri-iri ba. Wanda ya shiga kasuwar Jibiya ranar Lahadi zai ga Bakatsine da Bamaraɗe da Buzu da Bafillatani a layi ɗaya. Idan kuma ka haye Magama ka wuce Ɗan Isa ka shiga Maraɗi, rigar da ka bari a gida ita za ka tarar. Ba abin mamaki ba ne, gama lokacin da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunanta na da arewa suka yi, suka kafa zama a Maraɗi, har yau kuma mai sarautar Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Iyaka ta raba kuɗi da tuta da harshen makaranta, amma ba ta raba wuyan riga ba. Saboda haka abin da zan faɗa a nan ya ci mu ya ci 'yan'uwanmu na ƙetare.

Babbar riga da 'yar ciki da wando sukan ci kamar yadi 10, kun ga ba mu da bakin yi wa masu yadi 8 dariya. Ƙawar babbar riga tana ga aikinta, watau ɗinkin da ke wuya da aljihu da ƙirji da baya. Akwai aska biyu, akwai aska takwas mai tsinaye kamar bakin wuƙa suna gangarowa a kan aljihu da tambari a ɗaya gefen, akwai kuma malum-malum wadda aiki ya kusa rufe ta duka. Na hannu na gaske yakan ɗauki maɗinki watanni yana duƙe a zaure. To, aikin nan shi ne tatan ɗinmu. Shi ido yake fara sauka a kai, daga gare shi kuma ya kamata a fara lissafin kome.

'Yar ciki da wando ba su da wata doguwar magana. A yi su da yadin rigar, in kuwa bai isa ba a yi 'yar ciki fara. Aikin wuyanta ya zama kaɗan, da zare irin na rigar. Abin da na fi ƙi a gani shi ne taguwar Turawa mai kwala ta leƙo ta wuyan babbar riga, ko rigar ƙwallo mai rubutu tana nunawa ta gefe duk lokacin da mutum ya ɗaga hannu zai saɓa riga a kafaɗa. Kada ku manta gefen babbar riga a buɗe yake, abin da ke ciki ba ɓoyayye ba ne. Ƙafar wando kuwa ta tsaya wajen idon sawu. Wanda ya wuce nan sharar hanya yake yi, ga shi ƙasarmu rairayi ce, kafin a kai masallacin idi farin wando ya yi jan baki.

Hula ita ce ta fi ba samari wahala, don an fi son a ga mai tsada. Zanna bukar ta mutanen Barno, musamman saƙar Bama, hula ce mai launi da yawa, ga kuɓe, ga damanga, ga dara, ga haɓar kada mai rufe kunnuwa wadda ta fi amfani da hunturu, ga 'yar farar nan ta malamai da ake yi wa kirari da taɓa-ni-ka-ji-hadisi. Hanyar zaɓe mai sauƙi ce. Dubi zaren aikin rigarka, ka nemi hular da wannan launi ya fito a cikinta sosai. Riga shuɗiya mai aikin ruwan toka tana son hular da ke da ruwan toka ko shuɗi, ba ja da ɗorawa ba. Idan rigar fara ce aikinta ma fari, to a nan hula ta sami 'yanci, kowace ka ɗora za ta zauna, wannan ne ma ya sa dattawa masu hikima suka fi yawan farar riga. Idan kuwa aikin rigar ya yi yawa, ya kamata hula ta yi sanyi, domin mawaƙa biyu ba sa waƙa lokaci guda a ƙofar gida ɗaya a fahimci abin da suke faɗi. Ba kuma lalle ne hula ta zama launin riga sak ba. Wanda ya fito kore tun daga hula har takalmi, sai ka ce ganyen rama, ya wuce gona da iri.

Ban da launi, hula tana da baki, tana faɗin abin da mai ita bai faɗa ba. Malam Aminu Kano an san shi da fararen kaya marasa ado da jar dara. Doguwar hular da Alhaji Shehu Shagari yake sawa lokacin da yake shugaban ƙasa, daga 1979 zuwa 1983, har sunansa ta ɗauka. A zamanin nan kuma, tun da Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ya mai da jar hula alamar tafiyarsa, wanda ya shiga Kano da farar riga da jar hula ya san yadda za a karanta shi, ko da shi kwalliya kawai ya nufa. Ba ina cewa a sa ko kada a sa ba ne, ina cewa ne mutum ya san abin da ya ɗora a kansa.

Yanzu sai takalmi, wanda shi ne aka fi zalunta a cikin kayan nan duka. Kun tuna na ce takalmin mutanen Sikotlan ƙasarsu ce ta yanka musu shi. Namu ma haka ne. Su suna son wanda ba zai fita ba, mu kuwa muna son wanda zai fita ba tare da an sunkuya ba. Ku lissafa sau nawa mutumin kirki yake tuɓe takalmi ranar Salla. Zai tuɓe a filin idi, ya tuɓe a zauren mai gari, ya tuɓe kafin ya durƙusa gaban kakansa, ya tuɓe a ƙofar ɗakin gwaggonsa da na innarsa, ya tuɓe wajen alwala sau biyar. Wannan ne dalilin da ya sa faɗe da sau-ciki suka dace da babbar riga. Wanda ya sa takalmi mai igiya da babbar riga, duk inda ya je sai ya tsuguna yana kwance-kwance, riga tana jan ƙasa, na bayansa suna jira, dattijon da ya zo gaisarwa yana kallonsa. Abin da ido yake gani bai dace ba, idan ka bincika, galibi akwai wata wahala ta gaske a ƙarƙashinsa.

Abin takaici kuwa shi ne mu ne masu fata. Jar akuyar Sakkwato da 'yar'uwarta ta Maraɗi suna da fatar da duniya ta sani. Ayarin raƙuma sun daɗe suna ƙetara hamada da ita zuwa arewacin Afirka, Turawa suka riƙa sayenta daga can, suka sa mata suna fatar Maroko, suna yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Bajamushen nan matafiyi, Barth, wanda ya bi ta Katsina ya shiga Kano a 1851, ya ambaci takalma a cikin manyan kayan da Kano take yi tana sayar wa ƙasashe na nesa, bayan tufafi. Har yanzu dukawa suna nan a Katsina da Maraɗi da Damagaram, za su auna ƙafarka su yanka maka daidai, idan ya tsinke kuma su gyara. Amma sai ka ga ɗan'uwanmu ya wuce rumfar baduku ya tafi wajen masu gwanjo ya sayi ƙaton kambas mai launi bakwai, wanda aka yi don gudu a filin wasa, ya sa a ƙarƙashin aska takwas. Kakana idan ya ga irin wannan yakan kau da kai kawai, ya ce wata uku ya yi yana ɗinka wa mutum mutunci, shi kuma ya tafi ya taka shi.

Kada a ce na tsani kambas. Yana da wurinsa. Su kansu mutanen Sikotlan idan za su kallon ƙwallon ƙasarsu sukan sa kilti da rigar ƙwallo da manyan takalma, ba wanda zai ce musu kome, amma ba za su je ɗaurin aure a haka ba. Ni a ganina gajeren kaftani na yawon yamma zai iya ɗaukar farin kambas mara rubutu. Babbar riga ce ba za ta ɗauka ba. Haka kuma takalmin taya abokin gona ne, babu abin kunya a cikinsa, sai dai ba a gayyace shi buki ba.

Game da launi, baƙi da ruwan ƙasa sun ishi ɗalibi. Baƙi ya fi zama da shuɗi da ruwan toka da baƙi, ruwan ƙasa kuma da ruwan madara da ruwan ƙwai da kore, fari kuwa ya karɓi kowanne. Farin takalmi yana da kyau a hoto, amma ƙurar hanyar Jibiya ba ta san shi ba. Safa ba ta tafiya da faɗe ko kaɗan. Da rufaffen takalmi, in sanyi ya matsa, a sa mai duhu wadda ba za ta ja ido ba.

A nan ne maganar kuɗi take shigowa, ita ce kuwa gaskiyar al'amarin ga yawancinmu. Mu na bakin iyaka mun fi kowa sanin yadda farashi yake tashi dare ɗaya. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai a watan Afrilu na 2022. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa watan Maris na 2024. Iyayenmu da yawa da wannan hanya suke ci, a waɗannan shekaru kuwa gidaje da dama ɗinki ɗaya aka yi wa yaro, waɗansu ko ɗayan ba su samu ba. Wanda aka ba kuɗin kaya a irin wannan hali, bai kamata ya zube su duka a kan yadi ba. Shaddar Getzner da ake kawowa daga ƙasar Ostiriya tana da kyau, babu musu, amma matsakaiciyar shadda daga Kantin Kwari, da hula mai dacewa da takalmin fata mai tsabta, ta fi ta kwarjini idan ita an bar ta ba mabiya. Shawarata ita ce a ware kashi ɗaya cikin uku na kuɗin don hula da takalmi tun kafin a shiga rumfar mai yadi, don idan an shiga ba a fitowa da canji. Ga shi kuma takalmin kirki yakan ga Salla uku ko huɗu, ya bi riguna da yawa.

Ƙananan kaya ba sa son yawa. Idan agogo mai maɗaurin fata ne, launin fatar ya bi na takalmi, kamar yadda jakar mutumin Sikotlan take bin nasa. Idan na ƙarfe ne, ya bi maɓallan hannu. Zobe na azurfa guda ɗaya ya isa, zinariya dai mun san ba ta maza ba ce. Babbar riga tana da ƙaton aljihu a ƙirji, amma a kansa aikin yake, wanda ya zuba waya biyu da makullan babur a ciki zai ga rigar ta karkace gefe guda, askar ta lanƙwashe. A sa su a aljihun 'yar ciki. Turare kaɗan, wanda na kusa zai ji, ba wanda zai riga mutum shiga zaure ba. Wani abin da ya ba ni dariya shi ne mutanen Sikotlan suna soke wata 'yar wuƙa a bakin safar dama, ƙotarta kaɗai ake gani, sai na tuna wuƙar damtse da kakanninmu da Buzaye suke ɗaurawa a hannu. Wannan dai ado ne da ya kamata mu bar wa tarihi, wanda ya san yawan shingayen jami'an tsaro da ke tsakanin Katsina da Magama ba sai an yi masa bayani ba.

Akwai kuma kayan da ko sun dace da rigarka ba su dace da kai ba. A Sikotlan kowace zuriya tana da tatan ɗinta, mutum kuma na gidansu yakan sa. Akwai wanda ake kira Balmoral, na gidan sarautar Birtaniya ne, ba a sa shi sai da izinin sarki. Gashin gaggafa uku a hula alamar shugaban zuriya ce, ba kowa yake soka su ba. Mu ma haka. Alkyabba ta sarakuna ce da manyan masu sarauta da limamai. Rawani mai kunne biyu na jinin sarauta ne. Takalmin gashin jimina kuwa, tarihin Kano ya danganta farkonsa ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, har yanzu kuma kayan sarauta ne. Ja da kore a haɗe, a riga da rawani, kowa ya gani dogari zai tuna. Wanda ya je kallon hawan Salla a Katsina ya natsu, zai iya gane matsayin kowane mahayi daga naɗinsa tun kafin maroƙi ya ambaci sarautarsa. A 'yan shekarun nan na ga angwaye suna hayar alkyabba don ɗaukar hoto. Wasu na cewa ango sarkin kwana bakwai ne, ba laifi. Ni dai ina ganin hoto a cikin gida dabam, fita da ita gaban masu abin dabam.

Mu ɗalibai ma ba kullum babbar riga take kamatarmu ba. Yaro ɗan aji ɗaya a cikin malum-malum kamar an aro shi ne. Kaftani da wando na yadi 4 ko 5, da hula da faɗe, sun isa zuwa Juma'a da suna da gaishe-gaishe, ƙa'idar kuwa ba ta sake ba, sai dai kaftanin ne ya zama uwar ɗaki.

Ga yadda za a bi da sayayyar. Yadi ake fara saye, a kai wa tela, a zauna da shi a zaɓi zaren aiki. Sa'an nan a roƙe shi ɗan ƙyallen yadin da guntun zaren, a sa a aljihu a tafi wajen mai hula. Kada a gwada launi a cikin rumfa, domin ƙwan lantarki da inuwar buhu suna yaudarar ido, a fito da hular fili a ɗora ƙyallen a kanta a hasken rana. Takalmi a saye shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a kuma fara taka shi a tsakar gida kwana uku ko huɗu kafin ranar fita, ana shafa masa ɗan man kaɗe a inda yake cizo, don sabuwar fata ba ta da tausayi. Tsohuwar hula idan launinta ya dace ba sai an sayi sabuwa ba, a kai wa masu wankin hula da wuri tun layi bai yi tsawo ba. Wanda kuma zai hau babur da babbar riga, ya saɓa hannuwanta biyu a kafaɗa, ya tattara gindinta gaba da baya ya danne a cinya kafin a ta da inji, don bakin riga idan ya shiga sarƙa ko ƙafar baya, ta wuya yake jawo mai ita.